Na turke raguna uku don in ci ribar Babbar Sallah, ga yadda ta kaya

Tun washegarin Sallah nake cewa zan rubuta wannan abin amma kasala da suyar nama suka hana, sai jiya da wani abokina ya sake ɗora tsohon bidiyon nan a status, wanda ake nuna rago ana cewa miliyan ɗaya da rabi, ya rubuta a ƙasa wai masu dabbobi ba sa tsoron Allah, sun mayar da layya ta masu kuɗi. Nace to bari dai in faɗi nawa, tunda a Sallar 2025 ni ma na shiga sahun "masu dabbobin" da ake zagi, kuma wallahi har yanzu ina neman inda wannan ribar ta shiga ban gan ta ba.

Abin ya samo asali ne daga Sallar 2024. Na je sayen rago kwana uku kafin Sallah na sha wuya, abin da na tanada bai kai ko'ina ba, sai da na ƙara da bashi sannan na samu wani ɗan madaidaici wanda ko yaran gidan sai da suka yi masa dariya. Ina dawowa na cewa uwargida daga bana na daina, da kaka zan sayi ƙanana in turke, in sayar da biyu in yanka ɗaya, kin ga layyarmu ta zama kyauta har da canji. Ta kalle ni kawai tace Malam wa zai dinga ba su abinci? Nace ai dukkanmu. Ku riƙe wannan "dukkanmu" ɗin, za mu dawo kanta.

Ina da kawu, ƙanin mahaifiyarmu, wanda tun ina yaro sana'arsa kenan fataucin shanu, Alhamis yana Maigatari, Juma'a yana Wudil, wani satin Laraba ka ji shi a Potiskum, Lahadi kuwa sai ya zaɓa, ko Dambatta ko Mai'aduwa. Mutumin da kwanakin mako a wurinsa ba Litinin da Talata ba ne, sunayen kasuwanni ne. Shi na kira a watan Disamba nace Kawu ina so in bi ka Maigatari. Yayi dariya yace ɗan boko zai shiga kara, to ka sa takalmin da ba ka so.

Mun tashi daga Kano bayan asuba, muka bi ta Gezawa muka wuce Gujungu muka shiga Gumel, daga nan Maigatari ba nisa. Wanda bai taɓa zuwa ba, garin a bakin iyaka yake, ka ɗan matsa kaɗan ka shiga ƙasar Damagaram ta Nijar. Tun kafin ka ga kasuwar za ka ga ƙurarta, ga sanyin hunturu ga hazo, ga tireloli sun yi layi an jingina musu gadar lodi. Ɓangaren raƙuma daban, na shanu daban, na tumaki da awaki daban, ga dawakai da jakuna, ga Buzaye da rawunansu sun rufe fuska sai ido, ga Fulani da sanduna a kafaɗa, ga 'yan canji a gefe da damin naira da sefa an ɗaure da roba. Hayaniya kuwa ba a magana, in kana waya sai ka toshe kunne ɗaya.

Abu na farko da na koya, kuma shi ne ya fi tsaya min a rai: a duk faɗin kasuwar nan babu sikeli ko ɗaya da ake ɗora dabba, babu allo da aka rubuta farashi, babu wanda zai ce maka yau kilo kaza ne. Ido ne da hannu da baki. Na taɓa kallon bidiyon yadda ake gwanjon shanu a Ostareliya, ana kora su kan sikeli lamba ta fito, a sayar a kan kilo, a buga rahoton farashin kasuwar kowa ya gani a wayarsa. Mu a nan rago ɗaya sai ya yi farashi huɗu kafin azahar, ya danganta da wa ya taya, wane irin kaya ya sa, da ƙarfe nawa ya zo, kuma mai ragon yana da matsuwa ko babu. Shi ya sa in na ji ɗan jarida yace "farashin rago a kasuwa kaza ya kai kaza" sai in yi murmushi, wanne ragon? A bakin wa? Kuɗin da aka yanka masa ko wanda aka sallama?

Kawu bai bar ni na buɗe baki ba. Yace in ka yi magana za su ji ƙamshin albashi a jikinka. Ya kai ni wajen dillalinsa, wani dattijo mai jan gemu da goro a kunci, suka gaisa kamar minti biyar, ya gida ya iyali ya sanyi ya kasuwa, sannan Kawu yace ɗana ne yake son na turke guda uku, masu ƙashi, ba masu kitse ba. Wannan kalmar "masu ƙashi" ita ce duk ilimin. Mai turke ba nama yake saya ba, gini yake saya, dogo mai faɗin ƙirji mai tsayin ƙafa ko da a rame yake, naman kai za ka ɗora masa. Dattijon ya kamo wani Uda, irin mai rabi baƙi rabi fari ɗin nan kamar an tsoma gabansa a tukunyar baba, ya buɗe bakinsa ya nuna min haƙora, ya danna gadon bayansa da yatsu, ya shafa ƙirji, ya ɗaga jela, ya ja fatar ido ya duba ko ta yi fari, ya sake shi ya ɗan kore shi don mu ga tafiyarsa. Duk wannan bai kai minti ɗaya ba. Ni da na zo da niyyar zaɓen mai kyan ƙaho.

Sai ciniki. Mai ragon wani Bafulatani ne yana tsaye gefe kamar ba nasa ba, bai ce uffan ba, dillali ne bakinsa. Kawu ya taya dubu tamanin, aka ce albarka. Ya ƙara biyar, albarka. Ya juya zai tafi, dillali ya riƙo hannun rigarsa yace haba Alhaji, kai da gidanka, gyara dai. Aka ja mai rago gefe aka yi ƙus-ƙus, aka dawo, aka sake komawa. A dubu 110 aka sallama, aka tafa hannu, Allah ya sa albarka, Allah ya amfana. Haka muka ɗauki wani ruwa biyu mai jinin Balami, fari sol mai lanƙwasasshen hanci da manyan kunnuwa, a dubu 120, da wani ɗan ƙasa gajere a dubu 95 wanda na ƙudura shi ne na yanka. Dubu 325 kenan, ban da la'ada da rasit da kuɗin yaron da ya ja su zuwa mota da kuɗin motar kanta, waɗannan suka ci wajen dubu 12.

A hanyar dawowa ne na tambayi Kawu, nace wai me ya sa dabba ta yi wannan tashin gwauron zabin, ƙaramin rago na turke ya haura dubu ɗari, abin da shekaru kaɗan baya da shi za ka sayi na layya mai kyau har ka yi cefane. Yace ka ga 'yan canjin can da muka wuce? To a hannunsu farashin yake, ba a hannun dillali ba. Yawancin dabbar da ke shigowa Maigatari da Mai'aduwa da Illela daga Nijar take, wasu ma daga can gaba, kamar yadda na Mubi da Potiskum da yawa daga Chadi da Kamaru suke gangarowa. Mutumin Nijar in ya sayar da naira, lissafinsa da sefa yake yi. Sefa kuwa a ɗaure take da kuɗin Turai, ba ta motsi, naira ce ta zube tun da aka sake ta a watan Yunin 2023, dalar da gwamnati ke bayarwa ɗari huɗu da wani abu ta haura dubu ɗaya da ɗari biyar a 2024. Jaka ɗaya ta sefa, wato sefa dubu ɗaya, abin da take ci na naira ya ninka har da ɗoriya. To mutum ya kawo sa wanda a garinsu jaka kaza ne, shi bai ƙara ko sefa ɗaya ba, amma kai da za ka biya da naira sai ka ga kamar ya zalunce ka. In ka ƙi ya juya da abinsa. Kawu yace da can su suke roƙonmu mu saya don su samu naira su yi awon gero da masara su koma, yanzu mu muke lallaɓa su.

Ga kuma iyaka. Buhari ya rufe ta a watan Agustan 2019 sai Disamban 2020 aka buɗe, aka zo aka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta sa takunkumi aka sake garƙamewa har zuwa Maris na 2024. Dabba dai ba ta daina shigowa ba, wanda ya san dajin nan ya san babu katanga, amma duk abin da ya bi ta ɓarauniyar hanya sai kuɗinsa ya ƙaru, don kowa a hanyar sai an ga hannunsa. Sai matsalar tsaro ta yamma, satar shanu ta cinye garake da yawa a Zamfara da Katsina da Sakkwato, har a watan Satumban 2021 gwamnatocin can suka rufe kasuwannin mako suka hana lodin dabbobi. Potiskum ma ta ga nata tun 2012 da 'yan bindiga suka afka wa kasuwar shanun aka rasa rayuka da yawa. Kawu ya san mutane a cikinsu, in ana maganar shiru yake yi.

Shi harkarsa ta shanu ce, kuma a nan ne na ga lissafin da ya fi nawa ban tsoro. Yana haɗa tirela shi da abokan hulɗarsa, shanu talatin da wani abu in manya ne, Bunaji farare da Rahaji jajaye masu dogon ƙaho da Bokolo masu tozo da laɓɓa, a nufi kurmi, ko Ibadan ko karar da ke bakin Legas ko mayankar Oko-Oba ta Agege, wani lokacin gabas wajen Lokpanta. Tafiyar kilomita dubu ce ko fiye, kwana biyu zuwa uku a tsaye, da yara a saman mota waɗanda aikinsu kawai in saniya ta faɗi su tashe ta kafin 'yan uwanta su tattake ta. In ɗaya ta mutu a hanya ribar lodin gaba ɗaya ta tafi, in an yi sa'a an yanka ta kafin ta cika a sayar wa mahauta a wulaƙance. Kuɗin mota ya bi kuɗin man dizal, shi kuma kowa ya san inda ya kai. Ga shingaye, yace shi ya daina ƙirgawa, wannan yace na jiha ne, wannan na ƙaramar hukuma, wannan na duba lafiyar dabba amma ko leƙa motar ba zai yi ba, wani ma ba ka san ko na waye ba, sanda ce kawai da ƙusoshi a kan titi. Kowanne da rasit ɗinsa ko babu rasit. Duk wannan a kan wa zai sauka? A kan mai sayen nama a Legas, ko kuma a kan makiyayin da za a taya wa da arha a Wudil don a fitar da kuɗin hanya. Mahaifin Kawu, kakana kenan, da ƙafa suke kora shanu zuwa Ilorin da Ibadan, wata guda ko fiye suna tafe suna kiwo, daga baya aka koma jirgin ƙasa. A 2016 an sake gwada ɗaukar shanu a jirgi daga Gusau zuwa Legas aka yi ta ɗaukar hoto, ni dai tun daga nan Kawu a tirela yake lodi har yau. An kuma kafa ma'aikatar kula da kiwo ta tarayya a 2024, da na gaya masa cewa yayi to madalla, su fara da shingayen.

Wani abin da ya ba ni labari wanda ban manta ba shi ne lokacin canjin kuɗi, farkon 2023, da takardar naira ta ɓace. Yace a rayuwarsa bai taɓa ganin shanu sun yi arha irin ta lokacin ba, kuma bai taɓa kasa saye irin lokacin ba. Bafulatanin daji ba shi da asusu, ba ya karɓar transfa, kai kuma ba ka da tsaba. Sai kasuwa ta rabu biyu, farashin kuɗi hannu daban na transfa daban, wanda ya samu tsabar kuɗi ko ta wace hanya ya kwashi garaɓasa. Yanzu kam masu POS sun cika kara, amma har gobe akwai wanda in ba ya ƙirga abinsa ya ɗaure a lalita ba to bai sayar ba, balle ga netwok ɗin bakin iyaka, kana tsaye kana jiran alat mai saniya yana riƙe da igiyarsa.

To mu dawo kan ragunana. Wata shida cur. Ban san dabba na ci haka ba sai da ta zama tawa. Dusar masara, dusar alkama, kowar wake, harawa, ɗan gishiri da kanwa, ruwa safe da yamma. Da kaka harawa da sauƙi, amma ni ban saya na ajiye ba don ba ni da rumbu ba ni da rufin da zan jibge ta, ga shi ban da wayon, sai na dinga saye kaɗan-kaɗan, ana shiga bazara damin da nake saye ya koma kamar na zinariya, kuma ya ƙanƙance. A watan Maris Balamin ya kama zawo da tari ya daina ci, kwana uku ban yi barcin kirki ba, na kira malamin dabbobi yayi allurai ya ba da maganin tsutsa duka ukun. Udan kuma faɗa, ya tsinke igiya ya fasa mana randa, wata rana ya tunkuyi autanmu ya faɗa kwata. Ina rubuta duk abin da na kashe a bayan wani tsohon littafi, abinci da magani suka tashi dubu 198. "Dukkanmu" ɗin nan kuwa, ni ina fita bakwai na safe in dawo magariba, ku ƙarasa da kanku.

Ana saura wata guda Sallah sai labari ya fito cewa gwamnatin Nijar ta hana fitar da dabbobi daga ƙasar, a watan Mayun 2025 kenan, wai don rago ya yi sauƙi ga mutanensu. Ranar har rawa na taka a tsakar gida. Nace shi kenan, Maigatari za ta bushe, rago zai yi wuya, nawa sun zama gwal. Rediyo ma abin da take faɗa kenan, Facebook kuwa kowa ya zama masanin tattalin arziki. Na kira Kawu ina murna, yace ɗan nan, tsada daban ciniki daban. Ban gane ba lokacin.

Ranar Juma'a 23 ga Mayu na ɗauki a-kori-kura na kai biyu Wudil. Kasuwa ta cika maƙil, kuma abin da ban lissafa ba shi ne ba ni kaɗai ne mai wayo ba, duk wanda ya sha wuya bara irina ya turke, matan ƙauye sun turke, ga manoma sun fito da nasu don damina ta kawo kai suna neman kuɗin taki da iri. Wannan ma wani abu ne da mutanen birni ba sa lura da shi, Sallah tana matsowa baya da kwana goma sha ɗaya duk shekara, a 2025 ta faɗo daidai bakin damina, lokacin da manomi ya fi kowa matsuwa. Ɓangaren shanu kuwa na huɗa ne suke wuta, bijimai biyu da suka saba da garma an fi rububinsu fiye da na yanka. Masu saye fa? Ga su nan da yawa, amma yawancinsu zagaye suke, su taya su ji albarka su yi gaba. Albashi bai shigo ba, wanda ya shigo ma buhun shinkafa da kuɗin makaranta da fetur sun gama da shi. Wasu na ji suna shawarar haɗa kuɗi su bakwai su ja sa ɗaya, wasu watanda kawai za su yi su samu na miya, wasu sun koma kan tunkiya ko akuya. Maganar ko haɗakar ta yi ko ba ta yi ba wannan na malamai ne, ni dai na ga ana yi.

Balamin ya shiga da wuri, wani mai lodin Abuja ya ɗauka a dubu 240 bayan an sha ja-in-ja. Udan kuma, wanda ya fi cika ido, wani ɗan baranda, irin masu saye su sake sayarwa a cikin kasuwar, ya taya 230, ya dawo ya ce 250, can wajen la'asar wani Alhaji da direbansa ya tsaya a 260. Dillali ya matso kunnena yace Malam ka sallama, wannan tayin ba zai dawo ba. Ni kuma zuciyata na raya min dillali ne kawai yake son la'adarsa ya tafi gida, ko ma sun haɗa baki. Ga labarin Nijar yana min yawo a ka, saura sati biyu, ai sai ya kai 350. Nace albarka. Alhajin bai ko waiwayo ba. Dillalin ya tofar da goro yace Allah ya kawo kasuwa, da wata irin murya da har yanzu ina jinta.

Na biya mota na dawo da shi gida, ya ci gaba da ci.

A nan zan ɗan tsaya in kare dillalai, duk da ni ma na zarge shi a raina. Eh akwai masu cin amana, wanda za a sallama masa a kaza ya gaya wa mai dabba kaza ya soke bambancin a aljihu, ga 'yan baranda da za su tare ka tun a bakin kasuwa su saya su matsa taku ashirin su ɗora dubu talatin. Amma dillalin kirki shi ne shaidarka. Shi ya san mai dabbar, in ta fito ta sata shi za a kama ba kai ba, kuma a zamanin nan wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shi ke saukar da baƙo ya ba shi masauki, shi ke tsaya wa falke a ba shi shanu bashi sai ya dawo daga kurmi. Kuma tunda babu sikeli babu allo, kansa shi ne allon, ya san abin da aka sayar jiya a Maigatari da shekaranjiya a Potiskum, tun kafin ka sauke dabbarka an kira shi a waya. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, haushin naira da dizal da shingaye duk a kansa muke saukewa don shi muke gani.

Sallah ta kama Juma'a 6 ga Yuni, wato ranar kasuwar Wudil ɗin kanta, don haka ta 30 ga Mayu ce ta ƙarshe, ni kuma aiki ya hana ni zuwa, nace ba komai a cikin gari ma zan sayar, ai nan masu kuɗin suke. Daga Talata na fara fita da shi bakin titi wajen da 'yan unguwa ke tara raguna, na biya kuɗin turke na zauna a benci kamar gaske. Talata aka taya 220 na ƙi. Laraba 210, mutum ɗaya tal. Alhamis jajibere, ina azumin Arfa, rana ta take, sai ga motoci suna ta sauke raguna daga ƙauyuka, waɗanda suka yi kwantai a wasu kasuwannin duk an kwaso su an kawo birni. Jajibere caca ce, wata shekarar dabba ta ƙare masu saye su bi ka suna roƙo, wata shekarar kuma mai dabba ne zai bi mai saye don ba shi da kuɗin motar mayar da ita balle na ci gaba da ciyarwa. Inda na zauna dai ta biyun ce ta faru. Na ga wani dattijo da ya zo da raguna takwas daga nesa, bayan la'asar yana sallamawa kamar yana rabon sadaka, idonsa ya yi ja. Ana kiran magariba wani maƙocin unguwa ya zo ya shafa bayan Udan yace Malam 200, nace ka sa albarka dai, ya ƙara biyar. Na karɓa na sha ruwa da dabino ɗaya a tsaye, ko igiyar ban cire ba na bar masa.

Ga lissafin, wanda ya iya ya duba min. Saye da kawowa 337, ci da magani 198, zuwa Wudil da dawowa da la'ada da rasit da kuɗin turke da ɗan abin da na ba yaran da suka taya ni wajen 25, jimla dubu 560. Na sayar da biyu 445. Kenan ɗan ƙasan da na yanka ya tsaya min a dubu 115, wanda da a kasuwa zan saye shi a satin zai kai 180 ko 190. To ribar kenan, wajen dubu saba'in, a wata shida, ban sa randa ba, ban sa sharar turke safe da yamma ba, ban sa cewa kuɗin da na zuba a Disamba ba shi ne darajarsa a Yuni ba. Da Balamin nan ya mutu a watan Maris fa? Kuma ni ina da albashi, gwaji nake. Matar ƙauyen da ragon nan shi ne bankinta, shi ne kayan ɗakin 'yarta, ita in ta ce albarka a 260 ta dawo ta sayar 205 ba labarin ban dariya za ta rubuta ba.

Ragon miliyan ɗaya da rabi kuwa akwai shi, na gan shi da idona, wani ƙato kamar maraƙi an shafa masa lalle an ɗaura masa laya a wuya, shekara biyu ko uku ana ɗura masa abinci. Irinsu ba su fi a ƙirga da yatsu ba a kasuwa, kuma ba don ni da kai aka kawo su ba, amma su ake ɗauka a waya don su ke jawo kallo. Babu mai ɗaukar bidiyon dattijon nan mai raguna takwas.

Ranar Sallah da yamma Kawu ya zo cin tuwo, na kawo masa littafin ya duba, ya jima yana kallo sannan yace to ai ka yi ƙoƙari, ba ka ci uwar kuɗi ba, na farko da yawa sai sun ci. Yace in za ka sake, ka sayi harawarka da kowa tun ranar da ka sayi ragon, kuma tayin farko mai kyau in ya zo ka sallama, ɗan kasuwa ba ya auren kaya. Uwargida tana bakin murhu tana juya suya, ba ta ko ɗago ba tace Kawu ka tambaye shi kuɗin aikina nawa ya rubuta a littafin. Kawu ya juya shafi gaba ya juya baya yace 'yata ban ga wajen ba. Tace to dubu saba'in ɗin nan a kawo su nan, kuma bana in za a je Maigatari tunkiya nake so mai ciki, tawa ta kaina, ba ta dukkanmu ba.

Na ba ta hamsin, ashirin ɗin na sayi randa da sabuwar igiya.